Man da Indo Ta Haɗa Min

…kuma ba zan sosa ba. Na ce ba zan sosa ba. Ga hannun nan na zauna a kansa, na danne shi da bencin asibiti. To wuyan fa? Bayan gwiwa fa? Nan ƙasan cibiya inda na ɗaura zani, kamar an zazzage min buhun ƙaiƙayin gero a cikin riga…

Layin masu jiran hoton ciki ko motsi ba ya yi. Fanka na juyawa kamar ba ta karya kumallo ba.

Indo. Da ke nake, Indo.

Robar man tana cikin jakata, na kankare ta har gindi. Da alfahari fa na ɗauko ta yau, kin sani? Tun daga Gyaɗi-Gyaɗi, a bayan adaidaitar mijina Inuwa, ina rungume da ita kamar kwanon zinare. Cewa na yi bari in nuna wa Sista Nkolika, ungozomar da ke mana awo, ko za ta san inda zan samu irinsa, tunda ƙawata mai haɗa shi ta tafi biki Haɗeja ta bar ni da fata tana ci da wuta. Ƙawata. Haka na ce mata, har da ɗaga kai.

Ta buɗe. Ta shinshina. Ta tura tabarau goshi…

Na iya kwaikwayonta fa, Sistar nan. Duk ranar awo ni ce gidan rediyon layi: in ɗora hannu a ƙugu, in ja murya, “Maman bebi, kin ci wake? Ina katinki? Miji ya iya kawo ciki, bai iya kawo kati ba?” Mata su yi ta dariya suna riƙe mara. Rannan ta kama ni ina yi, ta ce in maimaita, ita ma ta dara. Yau ba ta dara ba.

“Man kaɗe ba ya ƙamshin alawa, Zahra'u. Man kaɗe ba ya sa mutum fari.” Ta juya bayan hannuna, ta nuna min gaɓoɓin yatsuna sun yi baƙi ƙirin, sauran kuma fari sol, ga jijiyoyi kore shar sun fito. “An matsa tub a ciki, na bilicin. Wanne? Ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba. Wata nawa kina shafawa?”

Wata nawa… tun cikin bai tasa ba. Har a kan cikin. Safe da yamma, kamar yadda kika ce.

Sai ta ɗauko tef ta auna cikin. Ta sake aunawa. Sannan ta ce: “Ya ɗan yi ƙanƙanta da watanninsa. Wataƙila ba komai. Je ki yi hoto mu gani.”

Wataƙila.

Motsa mana, kai na cikin nan. Ko ke. Ɗazu a hanya ka shure ni da muka faɗa rami, yanzu kuma ka yi lamo? Ɗan shuri ɗaya…

Wa zan gaya wa a lokacin in ba ke ba, Indo? Cikin fari ne. Inna ta gani ta kau da kai, ni ma na kau da kai, muna zaune tabarma ɗaya muna tsince shinkafa kamar babu kowa tsakaninmu. Zan buɗe baki in ce, Inna, ƙasan nonona ya yi kirci yana ruwa? A tsaga ƙasa in shiga. Hajiyar Inuwa kuwa, na san amsar tun kafin in tambaya, hanci a sama, carbi na tafiya: “Zafin ciki ne. Mu da muka haifi tara, wa ya ji mu? 'Ya'yan yanzu, sauro ya cije su sai asibiti.” Sai ke. Ke da muka raba gyaɗa a islamiyya. Ke da kika riƙe min mayafi ranar kamu, kika yi min dilka da hannunki, kika hana kowa taɓa ni. Na taka har Darmanawa da rana tsaka, na cire hijabi a ɗakinki, na nuna miki abin da ko mijina ba na bari ya gani da haske.

“Haba ƙawas! Wannan ɗin ne kike wa kuka? Man kaɗe ne zalla da zaitun da ɗan zuma, wallahi ko jariri a shafa masa.” Da wannan muryar taki ta tsakiyar hanci, kina murza zobe. Wallahi kika ce. Ni na sa ki rantsuwa?

Kuma ya yi aiki, abin haushin ke nan. Kafin sati kircin ya kwanta, na daina goga baya a jikin bango kamar akuya. Na yi haske. Inuwa yana leƙo ni ta madubin adaidaita, “Ke, cikin nan ya karɓe ki fa.” Hajiya ta ce mace ce, mace ce ke wanke uwa. Ni kuma ina ta yi musu kwaikwayonki, ina murza zoben ƙarya, “ƙawas, ƙawas,” suna dariya, ina jin daɗi wai ina da wadda ta san ciwona.

Kar ki sosa, Zahra'u. Farce ya riga ya yi jini jiya.

Me ma Sistar ta ce? Kar in manta… ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafin da nake ƙona ƙaiƙayin da shi ba. In ajiye soso. Sabulu marar ƙamshi. Man kaɗe na gaskiya ko basilin, tun jiki da danshi. Rigar auduga, a zafin nan na Kano da ko inuwa gumi take. In ya taso in ɗora tsumma mai sanyi, in yanke farce, likita zai rubuta maganin da ya dace da mai ciki. Shi ke nan fa. Abin da ke cikin kowane kanti a Tarauni. Abin da da na yi tambaya ɗaya…

A'a. Ba ni ba ce. Ba zan ɗaukar miki laifin ba. Na tambaya ai, ke na tambaya.

Hoton nan kuma da kika ɗauke ni a waya. “Tsaya in ɗauka, mu ajiye tarihi.” Na ɗaga riga ina dariya. Ƙanwata Asabe ce ta turo min daga baya: cikina ne a wayarki, an yanke kai, an bar lallen hannuna da duk dangi suka sani. A ƙasa kin rubuta, ko mai ciki za ta shafa, ga shaida. Cikin da nake ɓoye wa uwata, ga shi a wayar matan Unguwa Uku har da na Babban Giji. Amma na ce ai sana'a ce, ai Indo ce, ai ba ta sa fuska ba.

Shaida. Ashe ni ce allon tallan.

Wannan ta kusa da ni, mai shuɗin hijabi, tun ɗazu take murza wuyan hannunta a gefen benci. Kar in kalli yatsunta. Kar in… Baƙi. Gaɓoɓin baƙi ne. Ko nata daban ne? Masu haɗi sun yi yawa a garin nan. In tambaye ta? In ce mata me, kin taɓa ganin cikina?

Wataƙila ba ki sani ba. Bari in ba ki wannan. Wataƙila ke ma haka aka koya miki, ki matsa wannan ki zuba wancan, ba ki taɓa karanta jikin kwalin ba. Ai ba likita ba ce ke, sakandare muka gama tare, da kyar ma. In hoton ya fito lafiya zan zo in zage ki tas, ki yi kuka, in yi kuka, ki dafa min taliya da manja. In bai fito lafiya ba… Inuwa zai dawo ɗaukata da azahar, da fara'arsa, da rake a leda. Ta ina zan fara?

An kira wata. Ba ni ba.

Lokacin cikin Abdulmalik ɗinki ai ke ma kin yi wannan susar. Na tuna, bara waccan, kina zaune a tsakar gida kina kartar ƙafa da murfin tukunya, ina yi miki dariya. Ga robobin haɗinki jere a kan kanta, har rufi. Amma ni kika aika kasuwar Tarauni, wajen tsohuwar nan mai ƙwarya. Kika biyo ni har zaure kina turo ciki…

“Ɗanyen man kaɗe za ki karɓo min, ƙawas, mai warin nan. Wanda ba a taɓa shi da komai ba. Kin san mai ciki ba ta wasa da…”

Ba ta wasa da…

Indo.

Hannuna ya fito daga ƙarƙashina, ban san yaushe ba. Yana kan cikin. Ban san ko susa yake ba ko lalube.