Kuɗin Mota Zuwa Kankiya

…ai ba haka ake shiga wannan kwanar ba. A rage wuta tukuna. Manu ya sani, shekara goma sha tara yana bin hanyar nan, Kusada zuwa Kankiya, Kankiya zuwa Kusada. Amma yau ba shi ke tuƙi ba. Yana gaba, su biyu a kujera ɗaya, shi da wani mai kaji. Ɗalha ne riƙe da sitiyari. Motar Alhaji Ɗanmaliki, wadda wata biyu baya makullinta a aljihun Manu yake kwana.

Ƙafarsa ta dama sai danna ƙasa take. Babu birki a nan. Wa zai gaya wa ƙafa?

Dubu talatin da biyar a aljihun ciki. Cif. Tarar kotu. Ya shafa, suna nan.

Kotun tafi-da-gidanka, gindin darbejiya, tebur ɗaya… Lodi ya yi yawa, in ji su. Tsohuwa ce daga Kaikai ya tarar tsaye cikin rana da ƙullin kayanta. Ya wuce ta ya bar ta? Ya ɗauke ta. Aka karanta takarda da Turanci. Wani ya ce ya amsa laifi a gama da wuri. Ya dangwala yatsa. Dubu ashirin, ba shi da su, aka riƙe lasisi. Wa'adi ya wuce, aka ƙara sha biyar, wai ta jinkiri.

Sai ya biya zai yi tuƙi. Sai ya yi tuƙi zai biya. Wanda ya tsara haka, yana da iyali kuwa?

Ya taɓa kai dubu goma sha biyu. Akawu ko kai bai ɗago ba. "Ba ma karɓar rabi, Baba." Alhaji kuma ya ce yau ce ranar ƙarshe. In ba lasisi, mota ta zama ta Ɗalha, shi ke nan.

Rami! Ɗalha ya faɗa ciki. Kullum ramin nan yana nan, makaho ma ya san da shi…

Hawwa'u, matarsa. Akuyarta ce ta cika kuɗin, ja mai farin goshi. Ta kwance igiya ta miƙa masa. Washegari ta ce za ta Sukuntuni gaida yayanta. Yau kwana goma sha ɗaya. Gaisuwa ce wannan? Bakin ci ɗaya ta rage wa tukunya, ya sani. Gida shiru. Shi ke dama koko da kansa, duk gudaji. Ya sha a tsaye.

Bai ware kuɗin mota ba. Don mi? Direba ba ya biyan direba, haka aka taras a tasha. Ba a roƙa, ba a faɗa, hannu kawai yake tsallake ka. Shi kansa Ɗalhan, lokacin da motar da yake ja ta kwanta wata uku, a kujerar nan yake zama. Har goro Manu ke ɓara masa.

Da safe a bencin direbobi sun amsa sallama. Ba wanda ya gusa. Ko shi ne bai matsa ba? Oho.

An wuce Kafin Soli. Ɗalha ya gangara gefe, inda aka saba tsayawa.

"Jama'a, a haɗo kuɗin mota."

Na baya sun miƙo. Hannun Ɗalha ya dawo gaba, a buɗe.

"Gaba, ku biyu."

Ku biyu.

Manu yana jira. Yanzu zai ce ban da Baba Manu. Yanzu… Idon Ɗalha na kan titi, ya ƙi juyowa. Mai ya yi tsada, Alhaji na jiran balas, kuɗin cinikin yini, da yamma, Manu ya fi kowa sanin wannan. Kalma ɗaya ta isa: Ɗalha, ni ne hwa. Gaban mai kaji? Gaban matan baya? In ya faɗa, ya zama mai roƙo. In bai faɗa ba…

Hannun na nan.

Yatsunsa sun shiga aljihun ciki da kansu. Dubu ɗaya ta fito daga ƙullin. Ɗalha ya karɓa, ya cusa cikin sauran, ya ta da mota.

Kankiya. Kowa ya sauka ya kama gabansa. Ofishin kotun na can tsallaken titi, ƙofa a buɗe. Dubu talatin da huɗu. Ya shiga ya ce mi? Ya koma gida, da wane kuɗin? Wa ya sani a garin nan in ba direbobi ba?

Rana ta take. Yana tsaye bakin kwalta. Wata mota ta rage gudu, direban ya leƙo, baƙuwar fuska.

"Baba, ina zuwa?"

Manu ya buɗe baki…