Ɗaga Murya, Inna

Yayarsa ce ta laƙaba masa Injiniya, kuma ba don yabo ba. Ranar da ya kwashe barguna uku na gidan ya kafe su a bangon ɗakinsa da ƙusa, ranar sunan ya kama shi, shi kuwa ya karɓe shi hannu bibbiyu. Da rana yana shagon buga takardu yana fama da kalanda da katin gayyata. In ya taso sai ya shige ɗakin bargunan ya rufo ƙofa, ya zauna gaban kwamfuta da makirufonsa guda ɗaya tilo, wanda ya sa wa tsohuwar safa a baki don kada iskar numfashi ta buge shi.

Gaskiya dai ya iya. Abin da ya ɓata shi, ya san ya iya. Wanda duk ya yi kuskuren tambayarsa yadda ake ɗaukar waƙa a gida, to, ya sha karatu har sai ƙafarsa ta yi tsami. A kashe fanka. A zare firij in yana kusa. Tsakanin baki da makirufo a bar taƙi ɗaya. A sa ido kan sandar sauti, in ta taɓa ja a rage, don abin da ya fashe ba ya gyaruwa. Sai ya rufe da ƙa'idar da ya fi ƙauna, yana kaɗa yatsa: kada ka taɓa gyara murya sai ka kwafi ta asali ka ajiye a gefe. Samarin unguwa da dama sun haddace wannan daga bakinsa.

Mahaifiyarsu, Inna, shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da 'yan aji ɗaya kafin ta yi ritaya. Ba ta yarda da bulala ba, da waƙa take koyarwa, kuma duk ita ta ƙirƙire su: ta ƙidaya, ta ranakun mako, ta wanke hannu. Sai ga ƙari ya fito mata a maƙogwaro. Likita bai ɓoye mata ba, ya ce za a cire, za ta rayu in Allah ya so, amma muryar ba za ta dawo ba. Saura kwana tara a yi aikin ta zo ƙofar ɗakin bargunan da kanta, har da sallama.

"Auta," haka take kiransa, "wannan abin naka yana ɗaukar muryar tsofaffi?"

"Inna, ai har ta sauro yana ɗauka."

"To, ka ɗaukar mini waƙoƙin nan. Jikokina ba su gama koya ba."

Ranar farko ba ta yi kyau ba, kuma shi kaɗai ya san dalili. Ya tsayar da ita gaban makirufo, ya sa hedifon a kunne, ya danna ɗauka, amma ya manta bai gaya wa manhajar makirufon da za ta saurara ba. Sai ta yi ta ɗauka da ɗan ƙaramin da ke jikin kwamfutar, can kan teburinsa. A kunnensa muryar Inna ta riƙa zuwa daga nesa kamar daga ɗakin maƙwabta, shi kuwa ya ɗora mata laifin. Sai da aka kusa rabin awa ya gano. Bai gaya mata kuskurensa ne ba. Ya ajiye wannan aikin da suna gwaji, ya buɗe sabo, washegari suka sake daga fari.

Cikin kwana huɗu suka ɗauki waƙa bakwai. Aka kwantar da Inna a asibiti, shi kuma ya zauna gyara. Nan ne shaiɗan ya samu wurin zama. Muryar tana rawa a ƙarshen kowane baiti. Tana jan numfashi da ƙarfi, wani wurin tari ya katse ta, ga ta da halin zamewa daga wannan amo zuwa wancan yadda ta ga dama, ba ruwanta da ƙas-ƙas ɗin da ya sa mata a kunne don ta bi. Ya tuna abokan harkarsa za su ji, su ce wannan aikin Injiniya ne? Kunya ta kama shi, kunyar da ba ta da wurin zama, ta muryar uwarsa.

Sai ya shiga aski. Ya yanke numfashi ɗaya bayan ɗaya. Ya cire tarin. Ya murɗa abin daidaita amo har ƙarshe, duk rawar muryar ta miƙe sambal. Ya ja kowace kalma ya ɗora ta kan bugun kiɗa, ya zuba ganguna da amsa-kuwwa, ya haɗe komai ya fitar. Kwamfutar ta yi ta kukan ta cika, manhajar ta tambaye shi ko ta share fayilolin da ba a amfani da su. Yana cin gyaɗa ya danna e. Mai kaɗa wa mutane yatsa bai kwafi komai ya ajiye ba.

Bayan mako uku Inna ta dawo gida da ɗan gyale naɗe a wuya, da littafin rubutu, da jan biro irin wanda ta yi shekara talatin da ɗaya tana duba aikin yara da shi. Da shi take magana yanzu. Ranar Asabar da la'asar Yaya ta zo da mijinta da 'ya'yanta uku, aka cika falo. Injiniya ya fito da lasifikoki biyu, ya ɗauki minti goma yana gyara musu zama, yana bayanin dalilin da ya sa ba a jingina su da bango. Ba wanda ya tambaye shi.

Ya danna. Ganguna suka tashi, sai wata murya mai santsi, siririya, ta shigo tana ƙidaya. Yaran suka miƙe suka hau rawa. Mijin Yaya ya gyaɗa kai ya ce, "Kai, kamar a rediyo." Inna ta karkata kai tana saurare har waƙar ta ƙare, sannan ta buɗe littafinta ta yi rubutu ta miƙo masa.

Wace ce wannan?

Ya yi 'yar dariya. "Ke ce mana, Inna. Gyarawa na yi."

Ta karɓi littafin ta ƙara layi ɗaya. Yarinyar tana da murya, Allah ya yi mata albarka. Yanzu sa mini tawa.

"Ta asalin take nufi," in ji Yaya. "Wadda ba ka taɓa ba. Ai kana ajiyewa, ko? Kullum kana faɗa."

Ya ce yana zuwa. Ya shiga ɗakin bargunan ya rufo ƙofa, gumi ya keto masa tun kafin ya zauna. Ya san abin da zai tarar, amma ya duba. Ya buɗe folda bayan folda. Ya leƙa kwandon shara na kwamfutar, fayau. Waƙa bakwai, babu ko ɗaya da ta rage yadda ta fito daga bakinta, kuma bakin ba zai sake fitar da wata ba. Ya dafe kai. Can ƙasan jerin idonsa ya faɗa kan gwaji. Minti ashirin da shida.

Ya sa hedifon ya saurari minti ɗaya, ya fizge shi kamar ya ƙone masa kunne. Ya tuna irin abin da ke ciki. Ya yi tunanin yanke muryarsa, amma ta hau kan tata a wurare da yawa, kuma aikin yini guda ne. Ya yi tunanin ya fita ya ce kwamfuta ce ta cinye komai, kowa ya san halin kwamfuta, ba wanda zai ƙaryata shi. Har ya miƙe da wannan niyya. Yaya ta ƙwanƙwasa.

"Injiniya, Inna fa tana jira. Ta ƙi shan maganinta sai ta ji."

Ya ɗauko kwamfutar ya fito da ita a hannu kamar mai ɗauke da tiren da ya fi ƙarfinsa. Ya tsaya tsakiyar falo bai kalli kowa ba.

"Inna, na goge su. Ni na goge, da hannuna. Wannan kaɗai ya rage, na ranar farko. Kuma ba shi da daɗin ji."

Ta ɗaga masa hannu alamar ya sa.

Da fari ƙarar kujera ce, da kiran mai sayar da ruwa daga titi. Sai muryar Inna, can nesa, 'yar ƙarama, tana rawa:

"Ɗaya, ɗan tsako ya leƙo,
Biyu, ya kira ƙaninsa..."

"Haba Inna, ɗaga murya mana!"

Muryarsa ce, kusa, ƙatuwa, ta cika falon har ƙaramar 'yar Yaya ta zabura. Da yake shi ne a bakin kwamfutar, komai nasa ya fito tar, har tsakin da ya ja. Aka ji Inna ta ce to, ta sake daga fari, ta ƙara ƙarfi, tari ya sarƙe ta.

"Matso kusa. Na ce taƙi ɗaya, Inna, taƙi ɗaya! Sau nawa zan faɗa?"

"Ai ga bakina a jikin safar, Auta."

"To ni ban ji komai. In ba za ki iya ba ki faɗa mini, ina da aikin yi."

"Zan iya. Wuyan ne ke ɗan zafi."

Mijin Yaya ya sunkuyar da kai yana duban carbinsa. Yaya ta juyo ta zuba wa ƙaninta ido, irin kallon da bai sake gani ba tun yana yaro. Shi kuwa yana tsaye, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Da ƙasa za ta tsage da ya gode mata. Kuma abin bai ƙare ba, minti goma sha ɗaya aka yi ana haka, tana farawa yana katsewa, mace mai ƙari a maƙogwaro tana ƙoƙarin ɗaga murya don a ji ta a makirufon da ba ya ɗauka.

Sai aka ji ya ce firij ne ke damunsa, bari ya je ya zare. Ƙofa ta buga. Ashe bai tsayar da ɗaukar ba. Wannan wurin shi ma bai taɓa jinsa ba. Takun silifa ya matso, kujerarsa ta yi ƙara, Inna ta zauna gaban kwamfutar tana hutawa. Ta ja numfashi.

"Yaron nan," in ji ta, ita kaɗai, "zafin rai kamar babansa." Ta yi 'yar dariya.

Daga nan ta fara waƙar a hankali, don kanta, ba ƙas-ƙas a kunne, ba mai tsawa. Bakinta na dab da ɗan makirufon kwamfutar, muryar ta fito kusa kamar tana zaune a gefen mutum. Tana rawa a ƙarshen baiti. Tana zamewa inda ta ga dama. Ta kai goma, ta wuce ta ranakun mako, ta yi rabin ta wanke hannu tana buga tebur da yatsa. Yaran sun daina motsi. Yaya ta toshe baki da gyalenta. Inna ta rufe ido, leɓɓanta suna bin kalmomin ba sauti.

Ƙofa ta sake buɗewa a cikin lasifika, waƙar ta yanke. Aka ji ya zauna, aka ji danne-danne, sai shiru. Sai muryarsa ƙasa-ƙasa, dab da kwamfutar: "Kash. Ashe ban sa makirufon ba." Sannan da ƙarfi: "Inna, yau muryarki ba ta fita. Ki je ki huta, gobe ki ƙara ƙoƙari."

Nan ya ƙare.

Injiniya ya durƙusa gaban kujerarta, abin da ya daɗe bai yi ba sai ranar gaisuwar Sallah.

"Inna, ki yafe mini. Ki ba ni kwana biyu, zan cire maganata duka, in bar miki waƙar kaɗai. Wallahi ba za a ji ni ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta cire murfin jan biron, ta rubuta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi yadda take yi wa 'yan aji ɗaya.

Na yafe. Amma na ga gyaranka. Wannan kada ka taɓa shi.

Ranar ya kwafe shi wuri uku. Yaya ta karɓa a wayarta yadda yake, minti ashirin da shida cif, ta tura wa ƙannen Inna da 'ya'yansu, kuma ba ta nemi izininsa ba. Samarin unguwa sun lura Injiniya ya rage karatu. In an tambaye shi yakan ce a duba wane makirufo ne ke ɗauka kafin a buɗe baki, a ajiye na asali, sai ya yi shiru.

Bayan wata guda ya dawo daga shago da yamma ya tarar da 'ya'yan Yaya a tsakar gida, sun jeru gaban Inna suna yi mata waƙar ƙidaya. Daga wayar uwarsu suka koya, kullum ita suke ji. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a kafaɗa.

"Ɗaya, ɗan tsako ya leƙo,
Biyu, ya kira ƙaninsa..."

Sai ƙaramar, 'yar shekara huɗu, ta riƙe ƙugu ta ɗaure fuska, ta ja tsaki daidai inda nasa tsakin yake a wayar, don a wurinta duk cikin waƙar ne.

"Haba Inna, ɗaga murya mana!"

Kafaɗun Inna suka hau girgiza, tana dariyar da ba ta da sauti, har ta share ido da bakin gyalenta. Ta hango shi a ƙofa ta yafito shi da hannu ya zo ya zauna. Ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, yaran suka sake daga fari.