Albasa Mai Kanumfari

Shekara uku ke nan Inna tana kiran 'yar da ta haifa da cikinta Malama. "Malama, sannu da aiki." "Malama, ko za a samu ruwan zafi?" Da ladabi, da murmushi, irin wanda ake yi wa ma'aikaciyar jinya. Ita kuwa Auta, mace mai shekara arba'in da bakwai, furfura har ta fara leƙowa ta ƙasan ɗankwali, sai ta ce "To, Inna," ta shige kicin ta tsaya gaban famfo ita kaɗai. Wallahi da zaginta Inna take yi da ya fi mata daɗi.

Ciwon mantuwa ne, in ji likita, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Auta ta ji da kunnenta, amma zuciyarta ba ta sa hannu ba. Ta fito da hotuna, Inna ta yaba kyan mutanen da ke ciki. Ta nuna mata tabon ƙunar da ke gwiwar hannunta tun tana 'yar shekara biyar, Inna ta ce, "Ayya, Malama, garin yaya?"

Yanzu kuma lokaci ya ƙure. Gobe da safe Yaya, babban wanta, zai zo da mota ya tafi da Inna gidansa, tafiyar wuni guda cur. Ba gajiya Auta ta yi ba, bayanta ne ya ƙi. Ɗaga tsohuwa daga gado zuwa banɗaki safe da yamma ya taɓa mata ƙashi, ranar Talata za a yi mata aiki, kuma an ce wata huɗu ko bokiti ba za ta ɗauka ba. Wata huɗu kuwa, ga mai irin ciwon Inna, Allah kaɗai ya san abin da zai rage. Abu ɗaya Auta take so kafin motar nan ta tashi: Inna ta dube ta, ta kira ta Auta, ko da sau ɗaya ne.

Shi ya sa ranar Asabar ɗin nan ta sayo albasa shida manya-manya, da niƙaƙƙen nama, da tumatir. Suna yara, duk Asabar Inna sai ta gasa musu albasar da aka cusa wa nama da shinkafa, kowa tasa guda. Yaya ya kira a waya tana cikin ɓare su.

"Da wannan bayan naki za ki tsaya gaban murhu? Ke dai tun kina zanen goyo ba kya jin magana."

"A wajenka na koya, Yaya."

"Auta," ya ce, muryarsa ta sauka, "kada ki sa rai da yawa."

Ta ce masa tukunya na tafasa, alhali ko wuta ba ta kunna ba.

Ta zaunar da Inna a kujerar roba a bakin kicin, ta gyara mata filo. Tsohuwar ta zuba wa taga ido kamar yadda ta saba. Sai Auta ta ɗauki albasa ɗanya, ta yanke kanta, ta luma wuƙa a ciki ta shiga ƙwaƙula da gangan, kamar wadda ba ta taɓa shiga kicin ba. Albasar ta tsage gida biyu. Ta ɗauki ta biyu, ta ɗaga wuƙa.

"Malama, wa ya koya miki girki?"

"Ba kowa, Inna."

"Ai ya nuna. Ajiye wuƙar nan kafin ki ƙarar da su. Ɗanya ake ƙwaƙule ta? Tafasa ake fara yi, da gishiri kaɗan."

Matar da jiya ta sa silifa a firji ce take wannan magana. Auta ta matso mata da ƙaramin tebur a hankali, don kada abin ya tsorata ya gudu.

Albasa biyar suka shiga ruwa. Inna ba ta kalli agogo ba, tsinke ta ce a ba ta, ta tsikari ɗaya ta ce a sauke. Da suka sha iska sai ta karɓi ƙaramin cokali. Hannun da ba ya iya ɓalle maɓallin riga ya zagaya cikin albasar sau biyu, zuciyar ta fito ɗungurungum, ya bar ɓawo uku a tsaye. Inda gindin ya huje ta yanki ɗan ɓawo ta toshe, kamar mai faci a riga.

"Abin da ya fito ba a zubarwa. Yayyanka shi ƙanana, shi ne farkon shiga mai."

Auta ta yi yadda aka ce. Mai ya yi zafi, albasa ta shiga, tafarnuwa ta biyo, sannan nama. Da ta tashi juye shinkafa Inna ta murje ƙwaya ɗaya tsakanin yatsunta, ta ce ta yi, rabin dahuwa ake so, sauran a ciki za ta ƙarasa. Ta yi mitar tumatir ya yi ruwa, ta yi mitar wutar ta yi yawa, ta ce masu aikin zamani komai da gaggawa. Auta tana juya cokali tana shan faɗa, kuma rabon da ta ji daɗi irin wannan har ta manta.

Ta ɗauko garin barkono ke nan za ta barbaɗa, sai ta ji an riƙe mata wuyan hannu.

"Tsaya. Ɗebi cokali uku ki ajiye a gefe tukuna."

Auta ta ajiye barkonon. "Na waye, Inna?"

"Na autata. Ba ta cin yaji, bakinta ƙuraje yake yi. Ina kanumfari?"

Yana nan a gwangwanin madarar da yake ciki tun fil'azal. Inna ta cusa huɗu da mai yaji, ta cusa ta biyar da wanda aka ware, ba ta danna da ƙarfi ba saboda shinkafa za ta kumbura. Ta mayar wa kowace da hularta, wato kan da aka yanke, sannan ta soke kanumfari guda a kan ta biyar, don kada ta ɓace a cikin 'yan uwanta. Haka take yi tun Auta ba ta kai tsayin teburin nan ba. Yau shekara talatin Auta tana cin yajin da ke sa manyan maza gumi, amma ba ta taɓa faɗa wa Inna ba.

"Yaya kamanninta, Inna, autar taki?" ta tambaya, ta matso da fuskarta sosai, ta tsaya inda haske yake.

Inna ta dube ta ido cikin ido. "Siririya. Ga taurin kai, na ubanta ta ɗauko."

Aka jera su a tire, aka zuba romo kaɗan a ƙasa, aka rufe, aka tura cikin obin don a gasa. Da aka buɗe murfin a ƙarshe don su yi ja, ƙamshi ya cika gidan har matattakalar bene. Suka fito sun yi laushi, gefensu ya yi ruwan zuma, romon yana tsuwa. Auta ta zuba wa Inna ɗaya ta yayyanka mata. Sannan ta yi bisimilla a ranta, ta miƙa hannu ga mai kanumfari, a hankali, tana kallon uwarta.

Bayan cokali ya sauka a kan yatsunta.

"Ba taki ba ce, Malama. Ga uku nan, ba su ishe ki ba?"

"Inna, ni ce. Ni ce Auta."

Tsohuwar ta yi dariya, dariyar da ake yi wa baƙo idan ya yi raha marar daɗi. "Autata ba ta da furfura. Rufe mata da kwano, yanzu za ki ji ta."

Ta ƙi komawa ɗaki. Ta sa aka juya mata kujera a falo tana fuskantar ƙofa, kwanon yana kan cinyarta, ta dafe murfin da hannu biyu. Aka yi la'asar. Duk takun da ya hawo matattakala sai ta miƙe wuya, sai takun ya wuce sama. Maƙwabciya ta dawo daga aiki, mai gyaran famfo ya sauka da kayansa. Auta tana zaune a ƙasa kusa da ƙafarta, bayanta yana sara, ta kasa tashi.

"Aiki ne ya yi mata yawa," in ji Inna, ba tare da an tambaye ta ba. "A maɗaba'a take, can nesa. Kullum ta kira sai ta ce mako mai zuwa. Ni dai duk Asabar ina soka mata kanumfarinta. In ba ta zo ba na ɗumama da safe na ci."

Auta ta sunkuyar da kai. Shekara goma sha ɗaya ta yi a can garin, kuma "mako mai zuwa" bakinta ne ya faɗa, ba sau ɗaya ba, ba sau hamsin ba. Ba wanda ya taɓa gaya mata zancen ɗumamen nan. Da ta tattaro ta dawo gida gaba ɗaya, ciwon ya riga ta isowa. Ta yi shekara uku tana wanka da wanki da ba da magani, amma wadda Inna ta riƙe a ranta ita ce waccan da ba ta zuwa.

Rana ta yi sanyi, hasken tagar ya koma ja. Idon Inna ya sauka a kan akwatuna biyu da ke jingine a bayan ƙofa, da sandarta a ɗaure a jikin ɗaya.

"Kayan wa?"

"Naki ne, Inna. Gobe Yaya zai zo ya tafi da ke gidansa."

Inna ta juya maganar a ranta. Sai tsoro ya cika mata fuska, irin wanda Auta ba ta taɓa gani ba ko a asibiti.

"To idan ta zo fa? Ta tarar ba kowa?"

"Ina nan, Inna."

"Ba za ki tafi ba?"

"Ba inda za ni."

Inna ta sauke ajiyar zuciya. Ta buɗe kwanon ta duba, man ya daskare a gefe. Ta miƙo shi da hannu biyu.

"Ungo, Malama, ci. Yau ma ba za ta samu zuwa ba, kada ta lalace. Ke mutuniyar kirki ce, Allah ya ba ki 'ya'ya masu jin ƙanki." Ta riƙe gefen kwanon ba ta saki ba tukuna. "Amma in ta zo kada ki ce na ba ki. Kuma kada ki ce na yi fushi, ban yi ba. Ki ce mata dai na jira."

"Zan gaya mata, Inna."

Auta ta zare kanumfarin ta riƙe shi a tafin hannu. Albasar ta huce sarai, babu yaji ko ƙwaya. Tana ci hawaye yana sauka a cikin kwanon, Inna kuwa ta riga ta mayar da idonta kan ƙofa.