Gorar Baba Shago

"Ta yi ƙara?"

"Ba ta yi ba, Baba."

"To ɗaga ta mana. Ai kai ka ce har ƙarƙashin gado tana ji."

Iliyasu ya ɗaga wayar har hannunsa ya taɓa azarar ɗakin. Ya karkata ta wajen taga, ya juya ta gabas, ya matsa bakin ƙofa. A saman gilashin, inda sandunan sabis suke jeruwa, wani ɗan guntun layi ya leƙo ya koma. Ya daɗe yana kallon wurin kamar zai iya jawo shi da ido. Baba Shago yana kwance a kan gadonsa, ƙafafunsa sun kumbura sun yi sumul, numfashinsa yana fita da ƙyar. Da ya ga shiru sai ya juya fuskarsa ga bango.

"Bar ta. Ba wayar ba ce. Yaron ne ya riƙe maganata."

Charity, 'yarsa da ta dawo gida tana jinyarsa, tana zaune a ƙasa da kwanon kunun da ya huce. Ta ɗago ta dubi Iliyasu, kallon kuwa ya ishe shi.

Danga ɗaya ce ta raba gidan Iliyasu da na Baba Shago. Su Shago coci suke zuwa, su Iliyasu masallaci, kuma tun zamanin Dabo, mahaifin Iliyasu, gidajen biyu suke noma kusa da juna suna aron fartanya da gishiri. Ƙauyen a cikin kwari yake, ƙarfen sabis kuwa yana can Tsanyawa. In damina ta yi nisa, dawa ta wuce kan mutum, itatuwa sun cika da ganye, ɗan sabis ɗin da ake lallaɓawa ma sai ya ɗauke ƙafa.

Shago ne ya samo dabara shekarun baya. Ya ɗauki doguwar gorar da yake kaɗo ɗorawa da ita, ya ɗaure 'yar ƙaramar wayarsa a kanta da robar tayar keke, ya jingine ta a jikin rumbu. Can sama sabis yana zuwa. In wayar ta yi ƙara, sai a sauko da ita, a danna kiran wanda ya kira, a buɗe sifika, a ɗaga da sauri kafin kiran ya mutu. Daga nan sai mutum ya ɗaga kai sama ya yi ta ƙwala magana. Babu sirri a wannan gora. Duk unguwa ta san lokacin da Japhet, ɗan Shago mai aikin walda a Fatakwal, ya sauya gida, ta san ranar da matarsa ta haihu, ta kuma san ranar da suka yi faɗa da ubansa.

Japhet ya matsa a kai tsohon asibiti a Kano, tsoho ya ƙi. Murya daga kan gora ta ce, "Baba, taurin kanka ne zai kashe ka." Shago, wanda a lokacin yana iya tsayawa da sanda, ya ɗaga kai ya daka tsawa har kaji suka watse:

"In haka ne, kada ka ƙara kirana!"

Ba a daɗe ba direban wata mota ya kawo saƙo daga Fatakwal: sabuwar waya, babba, baƙa, mai gilashi tun daga sama har ƙasa. Iliyasu ne ya ba da wannan shawara tun kafin faɗan. Shi mutum ne mai son a ce ya san kan zamani, kuma ya taɓa ganin wani malamin makaranta yana kallon ɗansa a cikin irin wannan waya. Ya gaya wa Japhet, ya gaya wa kowa, cewa manyan wayoyin nan jan sabis suke yi daga nesa, tsoho zai kwanta a ɗakinsa ya ga fuskar jikokinsa, a daina tallan maganar gida a sararin sama. Shi ya kai sim ɗin aka yanke shi ya shiga sabuwar. Tsohuwar aka ba jikar Shago ta tafi da ita makaranta. Gorar kuma Charity ta tokare igiyar shanya da ita, don wa zai ɗaure waya mai tsada haka a kan sanda?

Tun daga ranar wayar take kwance kusa da matashin Shago, ba ta taɓa yin ko tari ba. Charity ta roƙe shi a fita da ita bakin titi a kira Japhet, ya hana. "Ni zan kira ɗan da na haifa? Ya san lambar." Makonni suka wuce, ciwo yana ci, tsoho yana tambaya safe da yamma.

Ranar kasuwar Tsanyawa, Iliyasu ya shigo da sassafe ya tarar da tsohon yana barci, bakinsa a buɗe, ƙirjinsa yana hawa da sauka da wani irin sauti da bai taɓa ji ba. Ya zare wayar daga gefen matashi ya zura a aljihu.

"In ya farka ya tambaya fa?" in ji Charity.

"Ki ce na kai ta caji."

Bai kai ga shiga kasuwa ba. Motar tana hawa kwalta, ƙarfen sabis ya bayyana daga nesa, sai aljihunsa ya fara rawa. Ya yi, ya tsaya, ya sake yi, ya ci gaba da yi babu ƙaƙƙautawa, har matar da ke kusa da shi ta ce, "Malam, ka ɗauka mana." Bai san me zai ɗauka ba. Yana sauka ya nufi rumfar Tasi'u mai gyaran waya, wanda ya yanke sim ɗin.

Tasi'u ya shafa gilashin da yatsa, ya yi ta jan sa sama.

"Duk saƙon kiran da bai shiga ba ne. Lamba ɗaya ce. Kai, mai wannan lambar ya kira ya gaji."

"Amma ai sabuwa ce," in ji Iliyasu, muryarsa ta yi ƙasa. "Ba ta fi tsohuwar jan sabis ba?"

"A nan ƙarƙashin ƙarfe ta fi ta gudu nesa ba kusa ba, har bidiyo za ka kalla. A kwarinku kuwa, abin da bai iso ɗakin ba, a ina za ta samo shi? Ita ma sai an kai ta inda yake."

Iliyasu ya ce a kira masa lambar. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Baba!"

"Japhet, Iliyasu ne."

Ta cikin wayar ya jiyo ƙarar inji daga can nesa.

"Malam, me ya faru? Kullum sai na kira, kullum a kashe. Na ce kashe ta ya yi saboda ni. Kunya ta hana ni neman wani a garin, kowa ya ji abin da na faɗa masa."

"Bai kashe ba. Tana gefen kansa dare da rana. Sabis ne babu a ɗakin, ni ne na ce za ta kawo." Ya matsa daga bakin rumfar. "Japhet, jikin ya yi nauyi. Ka taho."

"Yanzu zan tafi tasha. Amma hanyar nan sai gobe, in an yi sa'a. Malam, don Allah, ka sa in ji muryarsa yau. Don Allah."

"Ka riƙe wayarka a hannu. Kada ka ajiye."

Komawar ce ta zame masa azaba. Motar da ke kan layi mutum uku ne a ciki, direba yana can yana cin rogo. Iliyasu ya zauna, ya fito, ya koma ya zauna, daga ƙarshe ya tsayar da ɗan acaɓa. A hanyar yanke da suka bi suka tarar da rafin da ruwan shekaranjiya ya cika, dole suka zagaya ta cikin gonaki, ganyen dawa yana marin fuskarsa. Duk wanda suka hango tafe daga wajen ƙauyen sai ya ƙura masa ido, yana neman labari a fuskarsa. Tsoro yake ji ƙwarai, tsoron ya isa ya tarar da mata sun taru a ƙofar gida. A gabas kuma hadari ya fara haɗuwa.

Babu kowa a ƙofar gidan. Charity ce ta fito da gudu da ta ji ƙarar babur.

"Tun azahar bai ce komai ba. Ya laluba gefen matashin bai ji ta ba, sai hawaye."

"Kama mini shi mu fito da shi."

"Waje? A wannan halin?"

"Japhet yana jira. Kullum yana kira, Charity. Kullum."

Ta dafe ƙirji, sannan ta juya ta shige ɗakin. Suka ɗauko shi a kan tabarma, ba shi da nauyi ko kaɗan in ban da ƙafafun, suka shimfiɗe shi a gindin rumbu. Iliyasu ya fizge gorar daga igiyar shanya, zannuwa suka zube ƙasa. Robar tana nan a naɗe a kanta, ta bushe ta fara tsagewa. Ya ɗora wayar ya ɗaure, gilashin yana zamewa a ƙarƙashin yatsunsa.

"In ta faɗo fa?" in ji Charity.

"Ta faɗo."

Ya danna lambar Japhet, ya buɗe sifika, ya ɗaga a hankali yana jin tsoron nauyinta. Kafin ta kai sama kiran ya mutu. Ya sauko da ita, ya sake dannawa, wannan karon ya cilla gorar sama da ƙarfi kamar yadda Shago yake yi. Ta yi lilo, ta tsaya. Suka ɗaga kai su biyu suna saurare. Iska ta kaɗa ganyen darbejiya. Sai ga ƙarar shigar kira, siririya, daga can sama.

"Baba? Baba, ni ne!"

Idanun Shago suka buɗe. Ya dubi sama, inda baƙar wayar take reto a ƙarƙashin hadari. Leɓɓansa suka motsa, amma abin da ya fito bai wuce tabarmar ba. Mutumin da tsawarsa take watsa kaji, yau muryarsa ba ta kai tsawon hannu. Iliyasu ya ɗan sassauto da gorar don ta matso kusa, nan take muryar Japhet ta fara yayyankewa, ya yi maza ya mayar da ita sama.

"Sa kunnenki a bakinsa," ya ce wa Charity. "Ki gaya mini, ni in faɗa."

Ta durƙusa ta kara kunnenta. Ta ɗago.

"Wai ya ci abinci?"

Iliyasu ya ɗaga kai ya ƙwala: "Ya ce ka ci abinci?"

Wani sauti ya sauko daga sama, ba a san dariya ce ko kuka ba. "Na ci, Baba. Baba, ka yafe mini. Bakina ne ya yi kuskure. Ka yafe mini."

A bayan danga, matar da take daka ta tsayar da taɓarya. Charity ta sake sunkuyawa, ta daɗe a wannan karon, don kalmomin ɗaya-ɗaya suke fitowa.

"Wai ba da gaske yake ba. Wai ya riƙa kira."

"Ya ce ba da gaske yake ba!" Muryar Iliyasu ta fashe, ya gyara ta ya sake ɗagawa yadda duk unguwa za ta ji, kamar yadda ta ji na farkon. "Ya ce ka riƙa kira!"

"Zan kira, Baba. Kullum zan kira. Ga ni ma a tasha, na samu mota, saura kaɗan ta cika. Gobe war haka ina gabanka. Na taho maka da hoton yaran, ƙaramar ta fara tafiya, in ka ga yadda take taka ƙafa sai ka ce kai ne..."

Ya ci gaba da magana, yana haɗa wannan da wancan, kamar mai tsoron in ya yi shiru layin zai yanke. Kafaɗun Iliyasu suka fara zafi. Ya sauya riƙo, ya tokare gindin gorar a cikinsa. Da ya sunkuyar da kai ya duba, sai ya ga Charity ta janye kunnenta. Ta sa tafin hannunta a kan fuskar mahaifinta ta shafo ta ƙasa a hankali ta rufe masa idanu, ɗaya hannun kuma ta toshe bakinta da shi. Iliyasu ya yi salati a cikin ransa. Bai sauko da gorar ba.

"Malam?" in ji muryar daga sama. "Malam, yana ji na kuwa?"

Iliyasu ya dubi tsohon, fuskarsa tana kallon sama, ta saki.

"Yi maganarka, Japhet," ya ce. "Na riƙe."

Ɗigon ruwa na farko ya fara sauka a kan ganyen dawa a bayan gida. Hannuwan Iliyasu suka gaji, gorar ta fara karkata. Charity ta miƙe daga kan tabarmar, ta zo ta kama ta a ƙasan hannunsa, suka tsayar da ita tare. Can sama Japhet yana ba da labarin yadda yarinyar ta taka daga bakin ƙofa har zuwa kujera ba ta faɗi ba.