Bencin da Aka Gwada da Busasshiyar Citta

Ƙasimu mai citta abokina ne tun muna yara muna tsallaka layin dogo zuwa makaranta, don haka ni ina da izinin faɗin abin da duk Kafanchan ta sani amma ba a faɗa a gabansa: mutumin nan ya yi ƙiba ta fitar hankali. Ni Musbahu sunana, direba ne, ina jigilar fasinja zuwa Kwoi da tsohuwar Fijo. Duk ranar da Ƙasimu ya zauna a gaba sai motar ta karkata gefensa, ni kuma in yi ta mita har mu isa, shi yana dariya yana cin gyaɗa.

Dariyar ta ƙare wata Juma'a a shekarar casa'in da huɗu. Ya yi sujada ya kasa tashi. Liman ya miƙe, sahu ya miƙe, Ƙasimu yana ƙasa yana nishi, har sai da aka sallame muka taru muka ɗaga shi. Daga ranar ya koma sallah a kan kujera a ƙarshen sahu. Malamai sun ce masa ya halatta, babu laifi ko kaɗan, shi ma ya sani. Amma wata rana muna zaune a shagonsa ya ce mini bai damu da tsokanar yara ba, bai damu da tela da ke auna shi yana murmushi ba, abu ɗaya ne yake cin ransa. Yana so ya sa goshinsa a ƙasa, ya tashi da ƙafafunsa, ba hannun kowa a hammatarsa. Da ya faɗa sai da na juya na yi kamar ina duba buhuna, don idona ya kawo ruwa.

Likita ya ce ya rage tuwo ya riƙa motsa jiki. To a lokacin wani sabon otal ya buɗe ɗakin motsa jiki, da madubai da kekunan da ake tuƙawa ba a zuwa ko'ina. Ni na kai shi. Ko zama bai yi ba wani manaja mai ɗaurin wuya ya sheƙo da gudu ya tare keken da jikinsa, ya nuna mana wata 'yar takarda da aka liƙa a gindinsa, wai kilo ɗari da ashirin ne iyakarsa. Ya ce in ya karye, gyaransa sai Legas. Ya ƙara da cewa gara Alhaji ya fara zagaya fili tukuna, in ya ragu ya dawo. Kun ji fa, wai mutum ya je ya rame sannan ya zo wurin da ake ramewa! 'Yan matan da ke kan kekunan suka toshe baki. Na zazzage wa manajan abin da ke cikina har da ƙari, amma Ƙasimu ya ja rigata muka fita.

Wani fasinjana ne ya yi mini maganar Baban Chigozie. Sunansa Nwachukwu, Ibo ne, amma a kwatas ɗin reluwe aka haife shi, ya gaji ubansa a aikin gyaran jirgi har ya yi ritaya. A bayan gidansa, ƙarƙashin wani mangwaro, yana da filin ɗaga ƙarfe. Ba madubi, ba keke, sai tsofaffin ƙarafuna da gwangwanayen da aka cika da siminti, da benci uku da ya yi waldarsu da hannunsa. A jikin kowane benci ya rubuta nauyin da zai iya ɗauka da farin fenti, kamar yadda ake rubutawa a jikin tarago. Kowace safiya kuma sai ya bi su da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne, wai ƙarfe mai tsagewa muryarsa daban ce.

Tun rikicin addini na shekarar tamanin da bakwai mutane suka rage shiga unguwannin juna, don haka da muka shiga samarin wurin suka tsaya suna kallonmu. Baban Chigozie kuwa ya goge hannu ya gaida Ƙasimu, ya ba shi wuri a kan dakalin siminti, ya tambaye shi abin da yake so jikinsa ya iya yi. Da ya ji sujada ce, sai ya ce a nuna masa yadda ake yin abin, don shi ya sha gani daga nesa amma bai taɓa lura da wace gwiwa ke fara sauka ba. Ni na nuna masa. Dattijo ɗan Katolika ya zube a ƙasa kusa da ni yana kwaikwayo, yana taɓa cinyarsa yana gyaɗa kai. Matarsa Eucharia ta leƙo daga kicin ta tambaye shi ko za ta fara dafa masa sahur ne.

Baban Chigozie ya ce zai iya taimakawa. Zai yi sabon benci mai faɗi da madafa biyu, wanda Ƙasimu zai riƙa sauka yana tashi a kansa, ana rage tsayinsa a hankali har ya kusa ƙasa. Amma shi bai taɓa ƙera abin da zai ɗauki kaya ba tare da ya san nauyin kayan ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Nan aka yi cirko-cirko. Sikelin da zai iya ɗaukar Ƙasimu a garin nan ɗaya ne, na auna citta da ke ƙofar shagonsa a tsakiyar kasuwa. Ƙasimu ya ce shi ba buhu ba ne, gara ya mutu a kan kujerarsa.

Baban Chigozie ya jujjuya gudumarsa, sannan ya kawo dabara. Ƙasimu ai ya fi kowa sanin nauyin buhu. Ya ƙiyasta kansa, ya aiko da buhunan citta daidai da haka, ya ƙara ɗaya a kai. 'Yan dako su ɗora a kan bencin su sauke da kansu. Shi ba zai taɓa ko ɗaya ba, domin hannunsa sikeli ne, in ya ɗaga ya sani. Wallahi ban taɓa ganin wanda ya rufa wa mutum asiri da irin wannan ladabi ba.

Haka aka yi. Ƙasimu ya faɗa wa yaran shagonsa adadin buhunan, yana nufin ɗanyar citta mai nauyi kamar dutse. Su kuma da yake rani ne, busasshiya ce jibge a bakin ƙofa, suka loda ta a amalanke suka kai. Buhu iri ɗaya, ɗinki iri ɗaya, amma ko rabin nauyin babu. Baban Chigozie ya san ƙarfe, bai san citta ba. Aka jera buhuna, ya ƙwanƙwasa, ya ma shiga ƙarƙashin bencin ya kwanta kamar yadda yake yi wa duk abin da ya ƙera, ya fito ya ce ya yi.

Ranar farko filin cike yake da samari. Ƙasimu ya cire babbar riga, ya kama madafai, ya sauka a hankali. Bencin ya yi wata ƙara, ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe, Ƙasimu ya tafi ta gefe ya zube cikin ƙura. Wani yaro ya fashe da dariya, sauran suka kasa riƙewa. Na yi kansu da wani guntun bututu, Allah ne ya tsare Eucharia ta riƙe ni. Ƙasimu bai ji ciwo ba. Ya bari muka ɗaga shi, ya kakkaɓe jikinsa, ya yi wa Baban Chigozie godiya cikin sanyin murya, ya ce in kai shi gida. A mota ya ce mini magana ta ƙare, kada in ƙara tayar da ita.

Ni ma na ɗauka ta ƙare. Sai ranar kasuwa, rana ta take, ina shagon Ƙasimu muka ji hayaniya tana matsowa. Baban Chigozie ne ɗauke da lanƙwasasshen bencin a kansa, gumi yana zuba, ya ratso layin masu doya da na masu tumatir, 'yan kallo suna biye da shi. Ashe bai bar maganar ta kwana ba, ya bi 'yan dako da tambaya har ya gano abin da aka kai masa. Ya dire bencin a ƙofar shagon, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam Ƙasimu, ga aikina, ku duba shi da kyau. In jirgi ya faɗi, ba fasinja ake tuhuma ba, wanda ya gyara hanya ake nema. Ni ne na gyara hanyar. Ka yafe mini, ka ba ni ɗanyar citta in sake."

Bai ambaci yaran shagon ba ko sau ɗaya, su kuwa suna tsaye sai rarraba ido suke yi. Mutumin da ya shekara talatin ba a taɓa dawo masa da aiki ba, shi ne ya ɗauko nasa da kansa ya kawo kasuwa don a gani. Ni da nake ta tanadin zagin da zan yi masa, sai na ji kunya ta kama ni a madadin duk masu dariyar.

Ƙasimu ya daɗe yana kallon bencin. Sai ya dafa bango ya miƙe, ya ture buhun da ke kan sikeli da ƙafa, ya hau.

"Bar cittar nan, Baban Chigozie. Zo ka karanta."

Wuyan kowa a kasuwar ya miƙe. Baban Chigozie ya cire hularsa ya kare ma'aunin da ita, ya tura ƙarfen awon da yatsa, ya duba, ya mayar da shi farko kafin ya janye hular. Har yau ban san lambar ba. Na tambaye shi ya fi a ƙirga, kullum sai ya ce ya manta, alhali mutumin nan yana tuna lambar kowane kan jirgi da ya taɓa gyarawa.

Ba benci ɗaya ya sake ba. Duk na filin ya warware ya yi musu sabuwar walda da ƙarfe mai kauri, har da ƙofar gidansa ya cire ya yanka, Eucharia tana faɗa tana cewa awaki za su cinye mata ugu, ganyen miyar da ta shuka. Ya rubuta lamba iri ɗaya a jikinsu duka, don kada wani ya nuna ɗaya ya ce ga bencin Ƙasimu. Samarin da suka yi dariya kuwa bai kore su ba. Ya sa su suka riƙa tsayawa hagu da dama suna ƙirga masa sauka da tashi, har suka koma su ne masu zuwa kasuwa nemansa in ya makara.

Aikin ya ɗauki damina guda da wani abu. Akwai ranakun da Ƙasimu ya zagi bencin, ya zagi likita, ya zage ni. Baban Chigozie ba ya lallashi kuma ba ya tsawa, sai dai ya sauka tare da shi ya tashi tare da shi, da nasa tsofaffin gwiwoyin da ke ƙara kamar busasshen kara. In ya ga mutumin ya saba, sai ya rage tsayin bencin ba tare da ya faɗa ba. Ƙibar ba ta tafi duka ba, kada in yi muku ƙarya, Fijo ɗina ta ci gaba da karkata. Amma ƙafafun sun yi ƙarfi.

Wata Juma'a na je ɗaukarsa, na kai hannu zan saka kujerar a but ɗin mota, ya ce in bar ta. Na ce mu tafi da ita ko don ko-ta-kwana, ya harare ni na ajiye ta.

Na tsaya kusa da shi a sahu, kuma Allah Ya yafe mini, rabin hankalina yana kansa. Aka yi ruku'u, aka ɗago. Liman ya yi kabbara, na ji numfashinsa ya yi nauyi, gwiwar dama ta sauka, ta hagu ta biyo, sannan goshinsa ya taɓa tabarma. Kafaɗarsa da ke jikin tawa tana rawa, na gane kuka yake yi. Muka zauna, muka koma sujada ta biyu. Da liman ya miƙe, sahu duk ya tashi, Ƙasimu yana ƙasa. Hannuna ya tafi hammatarsa da kansa. Ya ture shi da gwiwar hannu, ya dafa ƙasa, ya ja numfashi, ya taso a hankali har ya tsaya cak. Ban san surar da liman ya karanta a raka'a ta biyu ba, ni ma kukan nake yi.

Da muka fito, can tsallaken titi kusa da mai lemo, ga Baban Chigozie tsaye a rana da kekensa, wurin da ba hanyarsa ba ce ko kusa. Ya ce wucewa yake yi. Ƙasimu ya ratsa jama'a ya kama hannunsa da hannu biyu. Dattijon ya dubi ƙurar tabarmar da ke goshinsa, ya kau da kai ya share ido da bayan hannu.

"Wace gwiwa ce ta yi rawa?"

"Ta hagu."

"To, Litinin ka zo da wuri."