Kujerar Brody

Darasi ɗaya ya rage wa jikata Yesenia a kwalejin unguwarmu kafin jami'a ta karɓe ta, wato falsafa. Ta makara wajen rajista, aji ya cika. In ba ta shiga a wannan zangon ba, sai baɗi.

Ta dawo gida tana kumbure-kumbure. Na ce ta yi abin da kowa ke yi: ta riƙa zuwa tana tsayawa a bayan aji har wani mai kujera ya gudu. Ni da na tsufa a layin jiran aiki a tashar jiragen ruwa ta San Pedro, na san mai naci ake kira.

Masu tsayuwa suka yi ta zarewa, ya rage ita da wani Darnell, direban bas. Ranar da za a rufe karɓa kuwa aka sa ta aikin safe a gidan kula da tsofaffi, ba za ta iso ba sai aji ya kusa tashi. Na ce zan je in riƙe mata wuri.

"Kaka, ba layin burodi ba ne fa. Za ka ba ni kunya."

"Kunyar ta kai zaman shekara guda?"

Na saka rigar zuwa coci na tafi. Malama Petrosyan ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ba a riƙe wa kowa wuri a ajinta. Kujera ɗaya ce ta samu, kuma ta wanda ya zo da ƙafarsa ce. Darnell ke nan. Ban ja ba, gaskiyarta ce. Na dai roƙi ta bar ni in jingina da bango.

Suna ta muhawara kan mene ne adalci, ni kuma ina kallon fuskoki. Can gefe na hango wani dogo, Brody, ya ja hula ya rufe ido, littafinsa ko leda bai cire ba. Da aka ba da hutu na bi shi wajen injin kofi, na tambaye shi yaushe yake shirin ajiye darasin.

"Tsoho, duba kake yi?"

"Mai niyyar mayar da littafi shago ne kaɗai ke barinsa a leda."

Ya yi dariya, ya ce wataƙila mako mai zuwa, wai ya yi rajista ne don wani ya ce masa ajin barci ne. Na ce mako mai zuwa kujerarsa ba ta da amfani ga kowa, yau kuwa shekarar wata yarinya ce sukutum. Na sha kofina, na bar shi yana juya waya a hannu. Can ya latsa, ya cire sunansa daga darasin.

Yesenia ta shigo tana haki, da kayan aiki a jikinta. Malama ta dubi kwamfuta, ta dube ni ta saman tabarau, ta tambayi Brody ko an matsa masa. Ya ce a'a, an dai rage masa hanya. Ta nuna wa Yesenia kujerar.

Yanzu ba na cin abinci lafiya. Jiya ta tsare ni, wai abin da na yi wa Brody taimako ne ko dabara. Na ce ta kai tambayar aji, tunda tana da wurin zama, ni ta miƙo min wake.