Chizuru Ta Biyo Sawun Babanta

Chizuru ba ta saba hawan dutse ba. A kantin magani take aiki a garin Matsumoto, takalmin ƙafarta ma na aro ne, tun daga gindin dutsen yake cin ta a diddige. Mahaifinta Tokuji ne ya fito da ita. Tun farkon damina ya saɓi jaka ya ce zai je ya taya wani tsohon abokinsa aiki na kwana biyu a masaukin masu hawan dutse da ke can kusa da ƙololuwa. Ga shi ganye har ya fara ja, lokacin sanyi ya kusa, bai sauko ba, waya kuma ba ta shiga can. Ya bar mata uwarta Fumie, wadda ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta.

Da bishiyoyi suka ƙare sai tsirarun duwatsu da hazo. Inda hanya ta miƙe tsaye, sarƙar da aka kafa a jikin dutsen ta kama tana jan jiki, tafin hannunta ya saɓule. Masu saukowa suna yi mata sannu, tana amsawa ciki-ciki. Duk inda ta tsaya shan iska, maganar da za ta gasa masa take bita.

La'asar sakaliya ta iso. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, safarta duk jini. Ga Tokuji can gaban tukunya, ya yi ƙiba abinsa, yana zuba wa wasu ɗalibai miya a kan shinkafa yana ƙyaƙyata dariya.

"Baba!"

Ludayin ya tsaya a hannunsa. "Chizuru? Ke da wa? Wa ke wurin mamarki?"

"Au, ka ma tuna kana da mata?"

Ɗaliban suka sunkuyar da kai cikin kwanukansu. Tokuji ya ce ta rage murya, akwai baƙi.

"Su ji mana! Su san wanda ke ba su abinci. Sau nawa Mama ta fita ba takalmi 'yan sanda suka dawo da ita? Aikina ma saura ƙiris su kore ni. Kai kuwa kana nan kana shan iska!"

"Ba ta gane ni," ya ce a hankali. "In ta gan ni ihu take yi, wai ɓarawo ya shigo."

"Ni ta gane ni ne? Da sunan yayarta da ta mutu take kira na. Cizo har a kafaɗa, in nuna maka? Amma wanka nake yi mata kullum."

Ya ce ta yi haƙuri har dusar ƙanƙara ta sauka a rufe masaukin, aiki ya yi wa abokinsa yawa.

Chizuru ta fizge ludayin. "Zuba miya dai ko? Na iya. Maƙwabciya ce ke riƙe da Mama zuwa gobe da yamma. Ni na ɗauki hutu, a nan zan yi shi. Kai ka sauka."

Tokuji ya dubi abokin nasa, mai masaukin, ko zai sa baki. Tsohon ya ɗage kafaɗa ya ce shi dai a ciyar masa da baƙi.

Da gari ya waye Tokuji ya ɗaure jakarsa. Chizuru ta gaya masa lokutan magani, da inda take ɓoye makullin ƙofar gida. Ya saɓi jakar ya kama hanyar sauka, ita kuma ta juya ta shige kicin ta hau wanke shinkafa.